Tsohuwar Waƙa a Hannun 'Yan Gareji: Me Ke Jure Ƙara, Me Ke Karyewa

Samari huɗu, jitar lantarki ɗaya, jitar bes, ganguna da makirufo guda. Duk inda irin wannan ƙungiya ta haɗu, a Kassala ne ko Gadarif ko Bur Sudan, kafin ta ƙirƙiri waƙar kanta sai ta fara ɗauko ta wani. Yawanci kuma tsohuwa ake ɗaukowa, irin wadda iyaye suka ji a rediyon Omdurman, ko wadda kaka ke rerawa tana tankaɗe. Dalilin a fili yake: waƙar da jama'a suka riga suka sani tana jawo wa sabon mawaƙi kunnuwa. Amma a nan ɗin ne haɗarin yake, domin mai sauraro ya zo da ma'auninsa a ka, kuma da an taɓa inda bai kamata ba zai ji tun kafin a kai amshi.

Salon da ake kira kiɗan gareji ya taso ne a Amurka a shekarun 1960, kuma garejin da ake nufi shi ne ɗakin ajiye mota na gida, ba wurin makanikai ba. Yara ne da ba su yi makarantar kiɗa ba, kayansu masu araha, sautin jitarsu mai kaushi, waƙarsu ba ta cika wuce minti uku ba. Misalin da ya fi bayyana yadda suke yi wa tsohuwar waƙa shi ne "Louie Louie". Richard Berry ne ya rubuta ta, ya fitar a 1957, a natse, kowace kalma ana jin ta. A 1963 ƙungiyar The Kingsmen ta birnin Portland ta sake ta. An rataye makirufo a sama, mawaƙinsu Jack Ely ya ɗaga kai yana ƙwala murya don ya tsere wa ƙarar kayan kiɗa, bayan jita ta gama nata ya shigo baiti kafin lokaci, mai ganga ya cike gurbin, aka bar kuskuren a faifai. Waƙar ta kai matsayi na biyu a jerin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kalmomin kuwa sun cakuɗe har hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi bincike ko akwai batsa a ciki, ta kasa tantance abin da ake cewa.

Wannan ƙarshen labarin shi ne abin da bai kamata a kwaikwaya a nan ba. A Sudan waƙa tana da iyaye uku, kuma ana ambaton su da suna: sha'irin da ya rubuta baitoci, wanda ya ɗora musu kari, da mai rerawa. Tun zamanin Haƙiba, salon waƙoƙin birni na Sudan na shekarun 1920, kalma ce gaba. Bahaushe ma haka kunnensa yake, ko ga makaɗan fada ko ga mawaƙan bege. Saboda haka ra'ayinmu shi ne a zuba kaushi da ƙara a kan kayan kiɗa iya son rai, amma abu uku ba sa jure wannan: kalmomi, tsanin da karin ke hawa a kai, da takun kiɗan. Mafi yawan sake-waƙar da ke lalacewa a ɗaya daga cikin ukun nan take faɗuwa, ba a rashin tsadar kaya ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sharhabil Ahmed, wanda aka haifa a 1935 kuma ake kira sarkin jaz na Sudan, ya daɗe da ɗora karin gida a kan jitar lantarki da gangunan Turawa, matarsa Zakiya tana kaɗa jita a ƙungiyarsa. Mu Hausawan Sudan kuma muna da kasonmu a taskar da ake ɗebowa. A'isha al-Falatiya, haifaffiyar Kassala wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan, a 1942, ta rasu a 1974. Duk wanda ya miƙa hannu ga waƙoƙin wancan zamani ya sani cewa masu su suna da magada masu kunne.

Aikin farko shi ne saurare, kuma yana da tarko. Tsohon kaset ba ya faɗin gaskiya game da tsayin amo. An tsara kaset ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, amma in belin rikoda ya saki ko batir ya yi sanyi, gudun yakan kauce. Kaucewar kashi 6 cikin ɗari tana matsar da waƙa rabin mataki cur, kashi 3 kuwa tana ajiye ta a tsakanin matakai biyu, inda babu ita a wuyan jita. Sai ka ga mai jita yana ta lalube, nan bai yi ba, can bai yi ba, yana zargin kunnensa. Maganin shi ne a juye kaset ɗin zuwa kwamfuta, a ɗauki amon da mawaƙi ke sauka a kansa a ƙarshen amshi, a auna shi da na'urar saita jita da aka tsayar a La 440, wato ma'aunin da aka saba saita kayan kiɗa a kai, sannan a gyara gudun da manhaja irin Audacity har ya zauna a mataki sosai. Bayan nan ne za a zaɓi inda za a kaɗa. In mace ce ta rera asali kuma namiji zai maimaita, yawanci sai an sauko da mataki huɗu ko biyar. A gwada da wuri mafi tsayi a waƙar, ba da farkonta ba: in mawaƙi yana kai shi da ƙyar a zaune, ba zai kai shi ba a tsaye bayan awa guda yana gasa da ganguna. Jita ta fi cika baki a Mi, La, Re da Sol, inda tsirkiyoyi ke kaɗawa a buɗe, don haka in muryar ta ba da dama a karkata can.

Sai tsani. Mafi yawan waƙoƙin tsakiyar Sudan a kan tsani mai hawa biyar suke, wanda makaɗa ke kira khumasi: do, re, mi, sol, la. Babu fa, babu si. Rashin waɗannan biyun shi ne ɗanɗanon, shi ne kuma ya sa kunnen Bahaushe ke jin waƙar Sudan kamar ta gida. To, yaron da ya koyi jita a YouTube abu na farko da aka koya masa shi ne haɗin amo uku na Turawa, Do da Fa da Sol. Na biyun a kan fa aka gina shi, na ukun yana ɗauke da si a ciki. Wato da hannunsa ya shigo da baƙi biyun da waƙar ta yi shekaru tana zaune ba tare da su ba. Ba wanda zai ce ya yi kuskuren lissafi, amma dattijo zai ce waƙar ta canza fuska, kuma gaskiyarsa ne.

A nan salon gareji ya zo da sa'a. Masu shi ba sa kama cikakken haɗi mai amo uku, domin in aka ƙara kaushi a amfilifaya, amon tsakiya yakan yi rigima da sauran biyun, sauti ya dagule. Suna kama biyu ne kawai, tushe da na biyar ɗinsa, da yatsa biyu. Duba abin da wannan ke bayarwa a tsaninmu: do da sol, duka 'yan gida ne. Re da la, haka. Sol da re, haka. La da mi, haka. Mi ne kaɗai ke janyo si. Ke nan huɗu daga cikin biyar suna zaune lafiya, kuma da su za a iya raka kusan kowace waƙa. In kari ya tsaya a kan mi, a sa masa do da sol a ƙasa, ko la da mi, ko a kama mi biyu, na ƙasa da na sama, a danne tsirkiyar da ke tsakaninsu. Ba mu ce fa haramun ba ne. Manyan ƙungiyoyin kiɗan Omdurman sun yi amfani da shi. Amma a bar shi ya gifta a hannun mai bes, kada ya zauna a ƙarƙashin amshi.

Takun kiɗa ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma mai ganga ne yawanci ke yin ta da kyakkyawar niyya. Kiɗan rok yana tafiya huɗu-huɗu: gangar ƙafa a bugu na ɗaya da na uku, ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyi a na biyu da na huɗu, hannun dama yana yanka takwas daidai wa daida a kan farantin ƙarfe na ganguna. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙinmu kuwa uku-uku suke tafiya, irin tumtum da mardum: ƙananan bugu shida a kowace mazura, wato zagaye ɗaya na takun kiɗa, ganga tana raba su gida biyu, tafi kuma wani lokaci yana raba su gida uku a kan ɗaya da uku da biyar. Wannan jan-in-ja tsakanin biyu da uku shi ne ke motsa kafaɗa. In mai ganga ya shimfiɗa huɗu-huɗunsa a kai, mawaƙi zai fara miƙe gaɓoɓi don su cike takwas ba tare da ya lura ba. Ka sa wa wata gwaggo wadda ta yi rawar waƙar a bikinta ta saurara. Za ta ɗaga hannu za ta tafa, ta tafa sau biyu, na ukun ya faɗa rami, ta sake gwadawa, sannan ta sauke hannuwan a cinya ta ce, "Ɗana, wannan ba ita ba ce." Kalmomin suna nan, karin yana nan, amma ƙafar waƙar ta karye.

Hanya mafi aminci ita ce a bar shidan yadda take a ƙara mata nauyi: gangar ƙafa a ɗaya, ƙaramar ganga a huɗu, hannun dama ya bar faranti ya koma babbar gangar da ke tsaye a ƙasa yana buga shidan duka. Wannan gangar ta fi kusa da muryar daluka, gangar gargajiya ta Sudan, kuma ba ta cin kalmomi kamar yadda ƙarar faranti ke yi. Wanda ke son a ji ƙamshin rok sosai sai ya haɗa mazura biyu su zama sha biyu, ƙafa a ɗaya da bakwai, ƙaramar ganga a huɗu da goma. Kunne zai ji huɗu-huɗu, amma kowane bugu uku ne a cikinsa, kuma masu kiɗan bulus na Amurka sun daɗe suna tafiya a haka. Akwai hanya ta uku, a mayar da ita takwas ɗin amma a raba uku, uku, biyu, yadda ɗingishin ba zai ɓace gaba ɗaya ba. Tana yin daɗi in an iya, sai dai tana bukatar a zauna da takarda a sake ajiye kowace gaɓa a sabon wuri, layi bayan layi. Ƙungiyar da ba ta shekara tare ba, mu dai ba za mu ba ta shawarar farawa da ita ba.

Sauri ma yana da iyaka, kuma lissafinsa ba wuya. Layi mai gaɓa 14 da ke cikin bugu 8, a gudun 96 a minti, yana da daƙiƙa 5. In aka kai shi 144 saura daƙiƙa 3 da sulusi. Larabci da Hausa duka suna bambanta dogon wasali da gajere, kuma abu na farko da gaggawa ke haɗiyewa shi ne wannan bambancin. A Hausa har ma'ana kan juya. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari, wato daga 96 zuwa wajen 115, yawanci ya isa a ji zafi ba tare da baki ya harɗe ba. In ana son ƙarin wuta, mai jita ya ninka bugunsa, duka zuwa ƙasa, a bar gudun yadda yake.

Tsohuwar waƙa takan yi minti bakwai ko goma, da doguwar shimfiɗa da kiɗan tsakanin baitoci. Dole a rage. Shimfiɗar ta koma mazura huɗu, a ɗauko jimlar kiɗan da kowa ke ganewa a ba jita ita ta zama ƙugiyar da ke kama kunne. Baitoci kuwa a zaɓi biyu ko uku da za su tsaya da ma'anarsu. Kada a ɗauki rabin wannan a liƙa da rabin wancan. Amshi kuma kada a taɓa shi. Sauran 'yan ƙungiya su karɓa da baki ɗaya a makirufo guda, ko da muryoyinsu ba su goge ba, domin amshin taro abu ne da salon gareji da waƙar gida suka yi tarayya a kai tun asali.

Yanzu ɗakin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa mawaƙa da yawa daga Khartum, don haka ɗaukar sauti a gida ta zama dole ga wanda a da yake da zaɓi. Ɗakinmu na yau da kullum, mita huɗu tsawo huɗu faɗi, shi ne mafi muni. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa; raba wannan da ninkin tsawon ɗaki, za ka samu amon da ɗakin ke kumburawa, mai juyi wajen 43 a daƙiƙa, kusa da amon tsirkiyar bes mafi kauri, mai juyi 41. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ya ninku: wasu amo na bes za su cika ɗaki kamar jirgi, wasu su ɓace. A nemi ɗaki mai tsawo ya fi faɗi, a janye amfilifayar bes daga kusurwa, a jingina katifu a kusurwoyi da bayan mai ganga, a shimfiɗa darduma a ƙasa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa sauti mai kauri ko kaɗan. In rufin kwano ne, a bi a ɗaure duk inda ya saki, don zai yi ta karkarwa tare da bes. Amfilifaya mai wat 15 zuwa 30 ta ishi jita, bes na son wat 100 ko fiye. A ɗora ta jita a kan kujera tana kallon kunnen mai kaɗawa. In tana ƙasa gwiwarsa take yi wa kiɗa, shi kuma ya yi ta ƙara murya har kowa ya kurumce. Wannan ba wasa ba ne: ganguna a rufaffen ɗaki suna haura desibel 100, kuma a wannan matakin abin da kunne ke ɗauka lafiya bai wuce minti 15 a yini ba. A sayi abin toshe kunne. A kuma yi magana da maƙwabta tun kafin su yi magana, a tsaya cak lokutan salla.

Wutar lantarki ta fi komai haɗari. Tamu volt 230 ce mai juyi 50, kuma gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya. In akwai yoyon wuta, mutum yana riƙe da tsirkiya leɓensa ya taɓa makirufo, shi ne ya zama hanya, kuma an rasa mawaƙa ta haka. A sa mai wayarin ya kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi, a sa na'urar katse wuta mai lura da yoyo ta miliamfa 30, a jona dukkan kaya a layi guda, kada a tsaya ba takalmi a kan siminti. Wanda aka aiko wa amfilifaya daga Amurka ya duba bayanta, domin ta volt 120 tana ƙonewa nan take in ba taransifoma. Gurnanin da ake ji ko ba a kaɗa komai ba yakan fito daga maganaɗisun jita mai naɗi ɗaya. Juya jiki a hankali har a sami inda ya ragu, a kashe fanka da cajar waya. Inbata mai araha da ƙaramin janareta suna ƙara zizar da ba ta fita a gyara. Ƙurar habub kuma tana shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar-ƙarar, don haka a rufe kaya da zane, a fesa musu maganin wanke mahaɗar lantarki, ba man inji ba. A Bur Sudan danshin teku na sa tsirkiya tsatsa da wuri. A goge ta bayan kowane zama.

Wajen ɗauka, a kaɗa tare a ɗaki ɗaya, domin wannan numfashin shi ne salon. Makirufo irin Shure SM57 a yatsa biyu daga ƙyallen sifikar jita, a ɗan kauce wa tsakiya don rage tsini. Ɗaya a saman ganguna, ɗaya a gaban gangar ƙafa, bes kai-tsaye ta waya. A saita yadda ƙara mafi ƙarfi ba za ta wuce desibel 6 ƙasa da sifili a ma'aunin manhajar ɗauka ba, saboda kaushin amfilifaya daɗi ne, na kwamfutar da aka cika wa ciki kuwa tsagewa ce. Murya ita kaɗai za a sake ɗauka daga baya, cikin shiru. Fitar baƙaƙe tana zaune ne tsakanin juyi 2,000 da 4,000 a daƙiƙa a ma'aunin amo, daidai inda jita mai kaushi ta fi cizo, don haka a rage wa jita desibel 3 a wurin, a yanke mata duk abin da ke ƙasa da 80 a bar wa bes. Maɓallin kaushi kuma rabi ya isa. Abin da ke jin daɗi a ɗaki yakan zama hayaniyar ƙudan zuma a faifai. Kada a wuce ɗauka huɗu ko biyar a zama guda. Sannan a saurara ta sifikar waya, tunda ta nan mafi yawan mutane za su ji, a ba wanda bai san waƙar ba ya maimaita baiti na farko. In ya kasa, a ƙara murya.

Saura haƙƙi, wanda matasa ke ɗauka kamar ba kome. Haƙƙi biyu ne daban: na baitoci da kari, da na tsohon faifan kansa. Wanda ya sake kaɗawa da hannunsa bai taɓa na biyun ba, sai in ya yanko wani yanki na tsohuwar murya ya saka, kuma irin wannan ne na'urar YouTube ke saurin kamawa. Na farkon kuwa yana nan daram. Yarjejeniyar Berne, wadda Sudan ke cikinta, ta sa mafi ƙarancin kariya shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, kuma ana lissafi ne da sha'iri da mai kari, ba da wanda ya rera ba. Rasuwar mawaƙiya a 1974 ba ta nuna waƙar ta zama ta kowa, in wanda ya rubuta ta ya rayu har shekarun 1990. Richard Berry ya sayar da haƙƙin waƙarsa dala 750 don ya yi aure, wasu suka yi ta cin riba, sai a tsakiyar shekarun 1980 ya samu aka dawo masa da wani kaso. Kafin a ɗora bidiyo a nemi magada a je musu da sallama, a karɓi izini a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne a adana shi, sannan a rubuta sunan sha'iri da na mai kari da na wanda ya fara rerawa a layin farko na bayanin bidiyon, sama da sunan ƙungiya.